Malam ya ce wasa ne, yaro kuma ya daina zuwa makaranta

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaisuwa. Ni mace ce mai shekara 36. Asalinmu mutanen wajen Sabon Birni ne, amma yanzu ni da ɗiyana huɗu muna zaune cikin garin Sakkwato, gidan yayana. Shekara uku ke nan da 'yan bindiga suka tare maigidana yana dawowa daga kasuwa. Muka sayar da gona da 'yan shanun da suka rage aka kai kuɗi, suka ce sai an ƙaro babur, aka ƙaro. Ya dawo ƙafafu a kumbure saboda ɗauri, bai cika wata biyu ba ya rasu. Shi Bafillace ne, kuma tun kafin a kama shi an riga an kore masa mafi yawan garkensa.

Ɗana na fari shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar ya yafe mana rabin kuɗin saboda maraici. Lissafi shi ne abin da yaron ya fi iyawa. Makon jiya malaminsu ya yi musu gwaji mai tambaya goma, duka a kan 'yan bindiga. Ga ɗaya kamar yadda yayana ya fassara mini: Jauro ya kama mutum 8, an biya fansar naira miliyan 3 a kan kowane, ya ba mai kai masa rahoto kashi 10 cikin 100, nawa ya rage masa? Wata a raba shanun sata tsakanin ɓarayi uku, wata kuɗin harsashi. Sunayen duka na Fulani ne, ɗaya ma sunan yaron ne. Malam na karantawa, aji na dariya. Yaron ya rubuta sunansa a takarda, bai ƙara komai ba, aka ba shi sifili. Tun ranar yara ke kiransa Kachalla. Ya ƙi komawa makaranta, ba ya cin abinci sosai, da dare sai in ji shi yana ta juyi.

Yayana ya kira shugaban makarantar, sai ya ce wasa ne, malam a WhatsApp ya samo tambayoyin, don yara su so lissafi ya yi. Baffan yaron ya rantse sai ya je ya yi wa malamin duka. Ƙanwata ta ce in sa takardar a Facebook. Ni kuma tsoro nake ji kada in yi magana a janye rangwamen. Ga shi malamin nan ba mugu ba ne, shi ya taɓa saya wa yaron littafi da kuɗinsa. Gwaggo, mi zan yi da wanga al'amari? Ko ni ce na ɗauki abin da zafi?

Uwar marayu, Sakkwato

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ji ƙan maigidanki, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, ya raya abin da ya bari.

Da tambayarki ta ƙarshe zan fara, don na ga ita ce ta ɗaure miki ƙafa. Ba ki ɗauki abin da zafi ba. An yi wa yaronki laifi babba, kuma haƙƙinki ne ki nemi a gyara.

Na daɗe ina koyarwa a aji, na san yadda yaro ke warware tambayar lissafi mai labari. Kafin ya taɓa lamba sai ya karanta labarin ya shiga cikinsa, ya gane wa ke karɓa, wa ke bayarwa, sannan ya san inda zai ninka da inda zai ɗebe. Mu malamai da bakinmu muke ce musu, "ka ɗauka kai ne mai shagon." To dubi tambayar nan da kika aiko. Ba yadda yaro zai kai ga amsa sai ya tsaya inda Jauro ya tsaya. Ya ninka 8 da miliyan 3 ya samu miliyan 24, ya ware wa infoma miliyan 2 da dubu 400, ya rubuta cewa miliyan 21 da dubu 600 ta rage, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Yaronki kuwa ya san abin da ke bayan kowace naira a cikin kuɗin nan. Yana da shekara goma lokacin da gonarku ta tafi. Ya ga an kora sauran shanun babansa zuwa kasuwa, ya ga ƙafafun babansa ranar da ya dawo. Sai aka ajiye masa takarda a gaba aka ce ya fitar da ribar mutanen da suka yi wannan aikin, a ba shi maki. Ajiye biron da ya yi, abin da mai lafiyayyar zuciya zai yi ke nan. Ki gaya masa da bakinki cewa sifilin nan bai auna iyawarsa ba, kuma ba ki ji kunyarsa ba.

An ce wasa ne. Mu mutanen ƙasar nan ba baƙin wasa ba ne. Bagobiri na zolayar Bayarabe, Bafillace na zolayar Babarbare, taubasai na tsokanar juna, jika na ja wa kakarsa zane. Amma duk wasan da muka gada yana da sharaɗi: wanda aka zolaya yana da bakin ramawa, in kuma ya gaji ya tashi ya bar wurin. Ɗalibi a ɗakin gwaji ba shi da ko ɗaya. In ya rama, an ce ya yi wa malam rashin kunya. In ya fita, bulala na jiransa. In ya yi shiru, ga abin da ya samu. Jan biro a hannun malam yake, makin kuma yana shiga sakamakon zango. Ko taubasai ma, da duk 'yancin da al'ada ta ba su, ba sa kai wasa gidan makoki.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai suna tafiya tare da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya farka a firgice. Manzon Allah ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Igiya ce fa, tsakanin manya, abokan tafiya. Ina ga maraya ɗan shekara 13 da aka tayar masa da mutuwar ubansa a gaban aji?

Shugaban makarantar zai iya cewa malam bai san tarihin yaron ba. Mai yiwuwa ne, kuma in haka ne laifin ya ragu, amma bai goge ba. Malamin da ke koyarwa a Sakkwato ta yau ba ya buƙatar a ba shi tarihin kowane ɗalibi kafin ya san inda yake tsaye. A watan Oktoba na 2021 aka faɗa kasuwar Goronyo aka kashe mutum fiye da 40. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya fiye da 20 cikin mota a yankin Sabon Birni. A Maris na 2024 aka kwashe almajirai 15 daga tsangayarsu a Gidan Bakuso cikin ƙaramar hukumar Gada. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa, bayan duniya ta ga bidiyonsa yana roƙon a cece shi. Mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo da Tangaza sun cika unguwannin birni, 'ya'yansu na zaune a azuzuwan nan. Da wuya ka shiga aji a garin nan ka rasa yaron da aka taɓa yi wa karo-karon fansa a danginsu. Naki ne kawai ya fito fili. Ina da yaƙinin akwai waɗanda suka yi dariyar ranar don kada a gane su, suka koma gida da abin a ciki.

Su ma sauran da ba abin da ya taɓa su, an koya musu wani abu. Yaro ɗan shekara 13 yana jin iyayensa na kukan tsadar buhun gero, sai malaminsa ya nuna masa a allo cewa kama mutum takwas na kawo miliyan 21, har da yadda ake sallamar mai tsegumi, kuma duka abin dariya ne. A yankin da ake jan samari cikin daji da alkawarin kuɗi da babur, wannan darasi bai kamata ya fito daga bakin malami ba.

Sai sunayen, waɗanda su suka fi ci mini rai. Ba wanda zai musa cewa da yawa daga cikin jagororin dajin nan Fulani ne. Haka kuma duk wanda ya san ƙauye ya san makiyaya na cikin waɗanda aka fara kore wa dabbobi, kuma masu kai rahoto da masu sayar wa daji mai da abinci ba ƙabila ɗaya ba ne. Gidanki shaida ne: Bafillace ne aka sace wa garke, aka kama shi, ya mutu, sannan aka wayi gari ana kiran ɗansa da laƙabin waɗanda suka kashe shi. Kuma a ina? A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809, inda Hubbaren Shehu yake, inda Hausa da Fulani suka cakuɗe da aure har ba a iya rabewa. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, kuma ina kyautata zaton yaran ajin nan da yawa sun haddace ta a Islamiyya. Sunan Kachalla daga takardar malam ya fito, don haka malam ne zai janye shi.

Ba a nan aka fara irin wannan ba. A Amurka akwai wata takardar barkwanci mai siffar gwajin lissafi, cike da tambayoyi kan sayar da ƙwaya da satar mota da harbi, tana yawo hannu zuwa hannu tun shekarun 1990. A 2016 wata malama a birnin Mobil na jihar Alabama ta raba wa ɗalibanta 'yan kimanin shekarun ɗanki, iyaye suka yi ƙorafi, hukumar makarantun ta dakatar da ita. Na kawo wannan ne don in an ce miki ƙaramin abu ne, ki san cewa inda aka taɓa yi ba a ɗauke shi ƙarami ba.

Yanzu ga abin yi. Yaron ne farko, makaranta ta biyo baya.

Na lura a wasiƙarki ba ki ambaci sunansa ba, "yaron" kike cewa, kuma na san dalili. Ɗan fari ne, akwai alkunya, ga shi jinin Fulani, an tarbiyyantar da shi a kan kada ya nuna ciwo. Ba ina cewa ki zubar da al'ada ba. Amma uban da zai dafa kafaɗarsa ba ya nan, in ke ma kika tsaya nesa saboda kunya, wa ya rage masa? Ki nemi lokacin da ƙannensa suka yi barci, ki zauna kusa da shi. Kada ki fara da "ka yi haƙuri", ya ji wannan har ya gaji. Ki ce masa kin ga takardar, abin da malam ya yi kuskure ne, kuma manya za su je a gyara. Sannan ki yi shiru ki ba shi fili. In ya yi magana ki saurara har ya gama. In bai yi ba kada ki matsa, gobe ma rana ce. Ki riƙa ambaton babansa da alheri a gabansa, yadda yake kiwo, yadda yake mu'amala da mutane a kasuwa, don abin da aka taɓa a zuciyarsa ke nan: an haɗa sunansa da na ubansa da ɓarayi. Ki kuma tambaye shi me yake so a yi. Mai yiwuwa abin da ya fi tsoro shi ne a tara aji a ce ga maraya, a tausaya masa. In ya ce kada a faɗa wa yara labarin babansa, to kada a faɗa.

Juyin dare da ƙin abinci alama ce tsohon mikin ya tashi. Sau da yawa yakan lafa in yaro ya ga an tsaya masa. Amma in aka yi makonni yana firgita cikin barci, ko ya daina magana da kowa, ko ya fara fitsarin kwance, ko kika ji yana cewa gara ya mutu, ko yana maganar ɗaukar fansa, kada ki tsaya jira. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san abin da mutane ke faɗa in an ce Kware. Ki toshe kunne. Likitocin can suna ganin masu firgici da damuwa, ba masu taɓin hankali kaɗai ba. A ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti.

Baffansa kuma, ki sa yayanki ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya zaunar da shi yau ɗin nan. Fushinsa na ɗan'uwa ne, na fahimce shi. Sai dai ya duba abin da zai biyo baya. Bafillace ya shiga makaranta ya doki malami: kafin la'asar labarin ya zagaye unguwa, ba wanda zai ƙara tuna gwajin, sai a ce ai ga shi, dama an faɗa. Shi ya kwana ofishin 'yan sanda, laƙabin kuma ya manne wa yaron har ya gama makaranta. In yana son ya yi wa ɗan ɗan'uwansa amfani, ya sa babbar riga ya bi ku zaman, ya zauna a matsayin uba.

Facebook ma ban goyi baya ba, aƙalla ba yanzu ba. Abin da aka sa a can ba ya dawowa. Cikin sa'o'i za a gano makarantar, a gano malamin, a gano yaron, a tono yadda babansa ya mutu. Masu zagin Fulani su zo, masu ramawa su zo, a yi ta fafatawa a kan ɗanki, shi kuwa ko waya ba shi da ita. Malamin na iya fuskantar abin da ya wuce laifinsa, ke kuma ki rasa damar zama da makarantar cikin mutunci. Ki gode wa ƙanwarki, ki ce ta dakata. Amma takardar ki adana ta da kyau, a ɗauke ta hoto gaba da baya, har wurin da aka rubuta sifilin. Kada ki ba kowa ta asali.

Waya ba ta isa wannan magana ba. Ku je da ƙafa, ke da yayanki da baffan in ya huce, kuma mai makarantar za ku nema, tunda shugaban ya riga ya nuna inda ya tsaya. Ku tafi da wasiƙa gajera mai kwanan wata, kwafi biyu, a sa hannu a kan ɗaya ku dawo da ita. Ku fara da godiya a kan rangwamen, don ya cancanci godiya. Sannan ku ajiye masa hoton takardar ku ce ya karanta tambayoyin da kansa, a bayyane. Mutane da yawa da ke cewa wasa ne ba su taɓa karanta abin a gaban wanda ya shafa ba. In ya kai tambayar fansa, yayanki ya gaya masa nawa kuka biya, da abin da kuka sayar.

Ku shiga da buƙatu a bayyane, don in kuka tafi da ɓacin rai kaɗai, da "a yi haƙuri" za a sallame ku. A soke gwajin ga aji duka, a sake wani, kada sifilin nan ya shiga sakamako. Malamin ya tsaya gaban ajin da ya yi dariyar ya ce tambayoyin nan kuskure ne, garkuwa da mutane ba abin wasa ba ce, sa sunayen ƙabila ɗaya zalunci ne, kuma daga yau duk wanda ya kira wani Kachalla zai gamu da hukunci. Ya faɗi haka ba tare da ya nuna ɗanki ko ya kira sunansa ba. Bayan haka ya same shi a keɓe, a gaban ɗayanku, ya ba shi haƙuri. Makarantar kuma ta sa wani babban malami ya riƙa duba tambayoyin gwaji kafin su isa aji, wanda dama aikinta ne. Wannan tsayuwar gaban aji ita ce ba zan sassauta a kanta ba. A bainar yara aka yi ɓarnar, haƙurin da aka bayar a ofis ba zai kai kunnen masu kiran laƙabin ba.

Ki yi ƙoƙari ki gano ko akwai wasu iyayen da abin ya dame su. Ko mutum biyu kika samu, maganar ta tashi daga ƙorafin bazawara mai rangwame ta zama ta iyayen aji, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai zai iya shigowa.

Na san tsoron da ke ranki, kuma ba tsoron banza ba ne. Marayu huɗu, gidan wani, rabin kuɗin makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Amma mutumin da ya yafe rabin kuɗi don maraici, mafi kusa shi ne ransa zai ɓaci in ya ji abin da aka yi wa marayan a makarantarsa. Ki ba shi damar ya nuna halinsa. In kuwa ya nuna cewa sharaɗin taimakon shi ne ku yi shiru a ci mutuncin yaron, gara ki sani tun yanzu. Yaron da ya ƙi shiga aji, me rangwame ya amfana masa?

Ba na ganin korar malamin ita ce abin nema, bisa abin da kika faɗa. Wanda ya cire kuɗi daga ɗan albashin makarantar kuɗi ya saya wa ɗalibi littafi yana da zuciya. Ya ga abu a waya ya yi dariya, bai tsaya ya tuna su wa ke zaune a gabansa ba. Irinsa in ya gane abin da ya yi yakan gyaru, kuma haƙurin da ya fito daga bakin malamin da yaro ke ƙauna ya fi korar da za a yi a bayan idonsa warkarwa. Amma in bincike ya nuna ya san tarihin yaron ya sa sunansa da gangan, ko ya ƙi ba da haƙuri, ko ya fara huce haushi a kansa, hukuncin ya canza. A nan sai ku rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta jiha, wadda ke ba makarantun kuɗi izini kuma take da jami'an duba ingancinsu, ku haɗa da hoton takardar da kwafin wasiƙarku. Akwai kuma Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, da aka kafa a 1993, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa, har tana iya soke rajistar malami. Jihar Sakkwato ta yi dokar kare yara a 2021. Ba sai kun yi barazana da waɗannan a zaman farko ba, sanin suna nan ya isa ya sa ku zauna da ƙarfin gwiwa.

Malamai masu karanta wannan fili, ina da magana da ku. Niyyar a sa yara su so lissafi niyya ce mai kyau, kuma gaskiya ne tambayar da ta taɓa rayuwar yaro ta fi kama hankalinsa. To rayuwar Sakkwato ba ta ƙare a daji ba. Manomin albasa a fadamar Wurno ya adana buhu 50, kashi 20 cikin 100 ya ruɓe kafin farashi ya tashi, nawa zai sayar da buhu ya mayar da kuɗinsa? Dillali a Kara yana karɓar la'ada a kan kowane sa. Mai Keke Napep yana biyan balas kullum, ga kuɗin mai. Ɗan kasuwar Illela na canjin naira da sefa. Ga zakka, ɗaya cikin 40 na kuɗi, akuya ɗaya cikin 40, maraƙi cikin shanu 30. Duk kason da riba da faɗuwa da manhajar ƙaramar sakandare ke nema suna cikin waɗannan, har da wurin raha in malam na son raha. Kuma kafin ka raba kowace takarda, karanta ta kana tuna yaron da ya fi kowa shiru a ajinka.

Ɗiyata, akwai abu guda da nake tsoro ya fi laƙabin daɗewa, wato yaron ya tsani lissafi, abin da Allah ya ba shi. Ki ba shi labarin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malami Bafillace daga Katsina, wanda a 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan hanyoyin tsara lambobi cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Sannan ki zana masa gida tara a takarda, uku-uku, ki ce ya zuba 1 zuwa 9 yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Ba sai kin iya ba, shi zai nuna miki. In ya gama ya gwada mai gida 25, inda kowane layi zai ba da 65. Wannan zai riƙe masa hannu kafin a gama da makaranta.

Kada zaman gidan ya yi tsawo, don kowace rana da ya ƙara komawar na ƙara nauyi. Ku nemi ganin mai makarantar cikin makon nan, kuma ku roƙi malam ya yi maganarsa ga aji kafin ranar da yaron zai koma, don ya tarar an riga an share masa hanya. Ranar farko yayanki ya raka shi har bakin aji. In mako biyu suka wuce makarantar ba ta yi komai ba, ku karɓi sakamakonsa da takardar canjin makaranta ku nema masa gurbi a wani wuri, ko da ta gwamnati ce, sannan ku kai ƙorafin ma'aikata. Ki sake rubuto mini in ji yadda zaman ya kasance, da kuma ko ya fara cin abinci.

Gwaggo